Birki Kafin Fenti: Nasiha ga Matasan Madarunfa Masu Tayar da Tsohon Adaidaita

Tayar da tsohon babur mai ƙafa uku, wato ɗauko wanda ya daɗe a yashe a gyara shi har ya koma ɗaukar mutane ko kaya, aiki ne da ke jan hankalin matasa da dama a gundumar Madarunfa da ke kudancin jihar Maraɗi, kuma wannan sha'awa abin yabo ce, domin saurayin da ya yarda hannunsa ya ɓaci da baƙin mai a wurin neman halal ya riga ya kama hanyar mutunci. Sai dai waɗanda suka daɗe suna kallon harkar sun lura cewa kurakuran da ke cinye jarin yara ba su da yawa, su ne dai ake ta maimaitawa, kuma kusan dukkansu daga wuri ɗaya suke fitowa, wato rikita tsarin aiki ta hanyar fara da abin da ido ke gani a bar abin da rai da dukiya suka dogara a kansa. An rubuta wannan nasiha ne domin ɗa ko ɗiyar da ke shirin zuba kuɗi ko ƙarfi a irin wannan aiki, da fatan kunne zai ji tun da wuri, jiki kuma ya tsira.

Ya kamata mai son gyara ya fara sanin asalin abin da zai sa wa hannu, saboda asalin ne ke nuna inda za a samu kayan gyaransa. A shekarar 1948 ne kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fito da ƙaramar mota mai ƙafa uku da ya sa wa suna Ape, wadda aka gina a kan babur ɗin Vespa bisa tsarin injiniya Corradino D'Ascanio, domin ƙananan 'yan kasuwar da yaƙin duniya na biyu ya bari ba su da halin sayen babbar mota. Daga baya kamfanin Bajaj na Indiya ya samu izinin ƙera irinta, a 1977 kuma ya mayar da injin baya, wanda shi ne fasalin da aka saba gani a yau, kafin kamfanin TVS ya biyo da nasa a 2008. A Najeriya an fara ganin keken da yawa a Legas zamanin mulkin Buba Marwa tsakanin 1996 da 1999, sannan shirin yaƙi da talauci na NAPEP da aka kafa a 2001 ya yaɗa shi, har sunan shirin ya bi keken. A Kano kuwa gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da shi a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu domin ɗaukar mata, kuma da aka hana acaɓa a birnin a watan Janairun 2013 sai keken ya mamaye tituna, daga nan shi da sunansa na adaidaita suka bi hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa har Maraɗi. Akwai kuma iri na biyu, wato mai akwatin kaya a baya, wanda yawanci ƙirar Sin ne, shi ne ake ɗora wa zogale da kayan lambun Jiratawa, da buhunan gero da wake da gyaɗa, da jarkokin ruwa, da bulo.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, kayan gyaran adaidaita na fasinja galibi ta kasuwannin Najeriya suke zuwa, kuma wannan hanya tana iya toshewa ba tare da sanarwa ba. An ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar lokacin da iyakar ta kasance a rufe har zuwa watan Maris na 2024, kuma a irin waɗannan lokuta keke yakan shafe makonni a garaji yana jiran ƙarfen da bai kai tafin hannu ba. Saboda haka ɗa mai hankali, kafin ya taya tsohon keke, yakan zaga shagunan kayan babura a Maraɗi ya tambaya ko suna ajiye fistin da ringi da takalmin birki da igiyoyin irin wannan ƙira, idan ya tarar sai an aika Kano ko fiye da Kano kafin a samu, to arahar keken ba ta da amfani, domin araha ba ta ado.

Abin da ya fi cancanta a fara dubawa ba ƙarfe ba ne, takarda ce. Kowane keke yana da lambar shasi, wato lambar da maƙerinsa ya buga a jikin ƙashin ƙarfen da komai ke ɗaure a kansa, yana kuma da lambar inji, kuma wajibi ne mai saye ya goge wuraren da tsumma ya karanta da idonsa, ya gwada da abin da ke rubuce a katin mallaka da ake kira kart giriz da kuma takardar duwan, wato kwastan, idan keken daga ƙetare ya shigo. Lambar da aka kankare, ko aka sake bugawa, ko aka rufe da walda, alama ce da ta isa a fasa ciniki komai sauƙin farashi, musamman a yankin iyaka inda matsalar tsaro ta sa bincike ya tsananta, inda kuma abin da aka sace a wata ƙasa kan iya ɓullowa a wata. An sha ganin yaro ya kwashe watanni yana gyara, ranar da ya fita da keken sai jandarmomi su riƙe shi a shingen farko, ya rasa keken, ya rasa kuɗin gyara, ya kuma shiga neman mai fitar da shi daga zargi. Rigakafin wannan bai wuce rubuta takardar ciniki a gaban shaidu, da sunan mai sayarwa da lambar katin shaidarsa, a kai ta ofishin magajin gari a tabbatar da ita, kuma duk mai sayarwar da ya nuna gaggawa ko ya ƙi zuwa gaban shaidu ya riga ya faɗi abin da ya kamata a sani game da kayansa.

Bayan takarda sai shasi, domin inji ana iya sake shi ɗungurungum, amma shasin da ya karkace ko tsatsa ta cinye shi ba ya komawa daidai sai da wahala. Mai dubawa yakan ɗaga shimfiɗar ƙasan keken ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sifana, inda ya yi ƙara mai kyau akwai sauran ƙarfi, inda kuma ya yi dushe-dushe ko ya zubo da jan gari to tsatsa ta gama da shi ko da fenti ya rufe. Yakan kuma leƙa wuyan keken, wato inda sitiyari da ƙafar gaba suka haɗu da jiki, ya nemi tsohuwar walda ko tsagewa, sannan ya tsaya daga baya ya ga ko keken ya jirkice gefe ɗaya, ya kuma duba ko taya ɗaya ta fi cinyewa ta gefe guda, abin da ke nuna cewa keken ya taɓa faɗuwa ko an daɗe ana yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya amince da hoton da aka turo masa ta waya ya biya kuɗi, cinikin biri a sama ya yi, kuma ba shi da wanda zai zarga.

Inji shi ma yana faɗin halinsa ga wanda ya san yadda ake saurarensa, da sharaɗin a tayar da shi yana sanyi, shi ya sa ake son mai saye ya taɓa jikin injin da bayan hannu kafin a kunna, saboda wasu masu sayarwa kan ɗumama shi tun kafin a iso, wasu kuma su zuba masa mai mai kauri domin ya ɓoye ƙara. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa yana nuna cewa injin yana ƙona baƙin mai, wanda galibi daga lalacewar ringi ne ko robobin bawul, baƙin hayaƙi kuwa yana nuna fetur ya yi yawa a kan iska. Buji, wanda a tsallaken iyaka ake kira fulogi, wato ƙarfen da ke ba da tartsatsin da ke kunna fetur, idan aka kwance shi aka ga bakinsa ƙasa-ƙasa a bushe to ƙonewar tana tafiya daidai, idan baƙi ne mai maiƙo akwai aiki a cikin silinda, idan kuma ya yi fari fat to injin yana ɗaukar zafi fiye da kima. A ƙarshe a zaro sandar auna mai a shafa a farar takarda a rana, idan aka ga ƙananan ƙyalƙyali na ƙarfe to wani abu yana cin ɗan'uwansa a ciki, kuma gyaran zai kai ga buɗe injin gaba ɗaya.

Duk abin da aka gani a wannan bincike a rubuta shi a littafi tare da farashinsa, domin lissafin da aka bari a ka yakan bi son zuciya. Kuɗin da za a auna kashi uku ne, kuɗin sayen keken, da kuɗin kaya da ladan masu aiki, da kuma ajiyar abin da ba a gani ba sai an buɗe, wanda masu gogewa kan ware masa kusan sulusin kuɗin gyara, idan kuma jimillar ta kusa kai farashin keken da ke kan hanya yana aiki to hikima ita ce a sayi mai aikin. Wannan magana ta fi shafar 'ya'ya mata, domin sau da yawa jarin irin wannan keke daga hannun ɗiya ko uwa yake fitowa, daga ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ko kiwon awaki, ko asusun ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara kafawa a jihar Maraɗi a 1991. Ɗiyar da za ta ba ƙanenta ko mijinta kuɗi ya tayar da keke tana da haƙƙin ganin takardun da sunanta, da sanin abin da aka saya da rasiɗinsa, da kuma yarjejeniya a fili kan balas, wato kuɗin da direba zai riƙa kawowa kullum, da wanda zai ɗauki nauyin juyen mai da taya da tara. Faɗin waɗannan abubuwa tun farko ba rashin kunya ba ne ko rashin yarda, shi ne ma abin da ke tsare zumunci, domin gidaje da yawa sun yi tsami a kan keken da ba a taɓa zama aka fayyace na wane ne ba. Haka kuma bashin da ake biya mako-mako bai dace da aikin da zai ɗauki watanni bai kawo ko dala ba.

Idan an gama ciniki sai a nemi maigida a sana'a, domin wayar hannu tana nuna yadda ake kwance inji amma ba ta jin ƙarar da ta sauya, ba ta kuma riƙe hannun yaro lokacin da zai ɗaure noti fiye da kima. Matambayi ba ya ɓata, kuma watannin da saurayi zai yi yana wanke kaya da miƙa sifana a garajin gwani sun fi masa arha a kan injin da zai lalata shi kaɗai ya yi masa gyaran gangar Auzinawa. Daga cikin abubuwan farko da gwani ke koyarwa akwai tsabtar wurin aiki, wadda ke da nauyi ƙwarai a ƙasar yashi irin ta Madarunfa, domin ƙwayar yashi ɗaya da ta manne a jikin boris ko ta shiga hanyar mai ta isa ta rage wa sabon gyara rai. Ba a kwance inji a ƙasa, kuma ba a buɗe shi ranar da iskar hunturu ke tashi, ana shimfiɗa buhu ko tabarma a wuri mai kariya, a wanke bayan injin tukuna kafin a taɓa kusa ko ɗaya, a zuba kusoshin kowane sashe a gwangwaninsa dabam, a ɗauki hoton kowane mataki da waya kafin a cire, a kuma toshe kowace kafa da tsumma mai tsabta idan za a tashi.

Yawancin adaidaitar da ke yankin a yau suna da inji mai silinda ɗaya da girmansa ya kai kusan cc 200, mai bugu huɗu, wato fistin yana sauka ya shaƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, tartsatsi ya kunna su su turo shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya fitar da hayaƙi, kuma ƙarfin injin gaba ɗaya ya dogara ne da matsewar nan. Abin da ke riƙe matsewa shi ne ringi, wato zobban ƙarfe da ke kewaye da fistin, da kuma bawul, wato ƙofofin da ke buɗewa da rufewa a kan silinda. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa sabon ringi a cikin silindar da ta riga ta buɗe ko ta yi zane, sai hayaƙi ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, alhali abin da ya dace shi ne a kai silindar wurin mai injin gyaran ƙarfe a auna ta, idan ta wuce kima a yi mata borin, wato a faɗaɗa ramin da kashi 0.25 ko 0.50 na milimita, a sa fistin da ringi masu wannan girma daidai. Wajen haɗawa ana juya bakunan ringi kada su daidaita a layi ɗaya, ana saita tazarar bawul da ma'auni injin yana sanyi bisa ga abin da maƙerin ya ƙayyade, ana kuma ɗaure kusoshin kan silinda a gicciye sannu-sannu, saboda ƙarfen alminiyam ba ya jure ƙarfin tuwo, da zarar zaren ramin ya tafi an buɗe sabon aiki. Wanda kuma ya ci karo da tsohuwar ƙira mai bugu biyu ya sani cewa irin wannan inji daga man da ake haɗawa da fetur yake samun santsi, a wasu ƙirori kusan mililita 20 a kowace lita, kuma mantawa da haɗin ko sau ɗaya yana iya sa injin ya buga.

A wajen sayen kaya ma akwai inda ake rage kuɗi da inda ba a ragewa. Madubi, kujera, murfin fitila da tamfol ana iya ɗaukar na hannu ko mai sauƙi, amma fistin, ringi, boris, gaskit, wato takardar da ke hana yoyo tsakanin sassan inji, da duk abin da ya shafi birki, a nemi na asali a wurin ɗan kasuwar da ke da shago tsayayye wanda za a iya komawa gare shi, a kuma tafi da tsohon ƙarfen a hannu a gwada. Jabun kaya yakan zo a kwali mai kyau, kuma wanda ya saye shi yakan biya ladan buɗe inji sau biyu.

Injin da aka gyara da kyau abubuwa uku ne ke kashe shi a wannan yanki, wato ƙura, da gurɓataccen fetur, da zafi. Matacin iska shi ne katangar da ke tsakanin ƙurar hanya da cikin silinda, amma sau da yawa akan ga an cire shi wai don keke ya ƙara gudu, ko kuma robar da ta haɗa shi da kafireta, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska, ta tsage ba a kula ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Game da fetur kuwa, ko da yake tun 2011 matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram take tace mai a cikin ƙasa, kuma cire tallafin mai a Najeriya a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sauya lissafin 'yan ruwa-ruwa, wato masu sayar da fetur a bakin hanya, har yanzu mai keke a ƙauye yakan sayi na kwalba, wanda kan zo da ruwa ko ƙura, don haka a wanke tsohon tanki a fitar da tsatsarsa, a sa ƙaramin mataci a kan tiyo, a kuma riƙa tacewa da kyalle mai tsabta lokacin zubawa. Shi kuma zafi, injin da ke ɓoye a baya ba ya samun iskar hanya, fanka ce da murfin da ke kewaye da silinda ke sanyaya shi, saboda haka mayar da wannan murfi bayan gyara wajibi ne, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40.

Kafin a yi maganar launi dole a gama da birki, domin inji mai ƙarfi a kan birki marar kyau haɗari kawai yake ƙarawa. A keken da birkinsa ke aiki da mai, tsohon man yakan shaƙi damshi ya lalata robobi da ƙarfen ciki, don haka ana zubar da shi gaba ɗaya, a sake robobin, a fitar da iskar da ta shiga tiyo har sai takawa ta yi tauri, a kuma tabbatar ƙafafun baya biyu suna kamawa daidai, saboda idan ɗaya ta riga ɗaya keken zai fizge gefe, abin da ke iya kifar da mai ƙafa uku nan take. Ƙurar da ke cikin gangar birki ba a hura ta da baki, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, domin wasu tsofaffin takalman birki suna ɗauke da sinadarin asbestos mai cutar da huhu. Taya kuma ba zanenta kaɗai ake dubawa ba, a gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018, kuma tayar da ta tsufa ta tsattsage tana iya fashewa ko da zanenta bai cinye ba. Haka wayoyin wuta, duk wadda ta bushe ko aka ɗaura da leda a sake ta, kada kuma a maye gurbin fis da guntun waya, domin fis an yi shi ne ya ƙone a madadin keken. Batir mai bolt 12 idan injin yana aiki ya kamata ma'auni ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5, ƙasa da haka caji bai isa ba, sama da haka batir zai lalace.

Lafiyar mai gyaran ita ma amana ce a hannunsa. Tankin da aka zubar da fetur ɗinsa bai zama marar haɗari ba, tururin da ya rage a ciki ya fi ruwan saurin fashewa, don haka ba a kai masa wutar walda sai gwani ya wanke shi ya tabbatar. Ba a barin inji yana aiki a cikin rufaffen ɗaki ko shago, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma ba a shiga ƙarƙashin keken da jak kaɗai ya ɗaga sai an tokare shi da katako. Tsohon baƙin mai kuma a tara shi a jarka, kada a zubar kusa da rijiya ko fadama ko hanyar ruwan da ke gangarawa tafkin Madarunfa, wanda masunta da makiyaya da masu lambu ke rayuwa da shi.

Sai bayan duk wannan ake zuwa ga fenti da tamfol da kujeru, kuma babu mai hana saurayi ya ƙawata abin da ya sha wahala a kansa, domin keke mai tsabta yana jawo fasinja. Abin da ake jan kunne a kansa shi ne kashe rabin jari a kan launi da fitilu masu walƙiya da manyan lasifikoki tun injin bai tashi ba, sai kuɗi su ƙare a bar keke mai sheƙi a ƙarƙashin bedi yana jiran ringi, kwalliya kuma ba ta biya kuɗin sabulu ba. Fentin ma da aka shafa a kan tsatsa ba tare da gogewa da shafa na ƙasa ba, damina ɗaya ta isa ta ɗaga shi.

Ranar da keke ya tashi ita ce ranar da haƙuri ya fi wuya, alhali a lokacin ne aka fi bukatarsa, domin sabon ringi da sabuwar silinda suna bukatar tafiyar kilomita 500 zuwa 1,000 a hankali, babu cikakken lodi, babu matsa totur har ƙarshe, tare da juyen mai da wuri domin fitar da garin ƙarfen da sabon haɗi ke zubarwa. Wanda ya fita da shi ranar kasuwa ya cika shi da mutane da buhuna don ya fara mayar da kuɗi, sauri ne zai haifar masa da nawa. Ko bayan wannan lokaci, adaidaita na fasinja an ƙera shi ne domin direba da mutum uku, kuma tunda ƙafa ɗaya ce a gaba, duk kayan da aka ɗora a sama suna ƙara masa saurin kifewa a kwana ko a inda taya ta nutse a yashi. A damina, lokacin da Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa hanyoyin fadama suka yi laka, tsallake ruwan da ba a san zurfinsa ba yana iya sa inji ya shaƙi ruwa ya lanƙwasa ƙarfen fistin, aikin watanni ya rushe cikin ƙiftawar ido. Lasisin tuƙi da inshora kuma a neme su kafin a ɗauki fasinja na farko, saboda ranar haɗari ne ake gane darajarsu, kuma a ranar ba a samunsu.

Riƙon keke bayan gyara yana bukatar ɗabi'a ɗaya wadda ta fi kowace dabara, wato ware kason gyara daga cinikin kowace rana kafin a taɓa sauran, da rubuta ranar kowane juye da kowane abin da aka sauya, domin kuɗin da ke shigowa hannun mai keke ba duka ne riba ba, wani sashe na taya ne da ringin da ke cinyewa a hankali. Idan kuma wata rana aka so sayarwa, to a faɗi aibin da aka sani, saboda littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, sun haramta ɓoye aibi a ciniki, sun kuma ba mai saye damar mayar da kayan, bayan haka a gari irin Madarunfa, inda kowa ya san gidan kowa, sunan makaniki shi ne babban jarinsa.

Akwai kuma lokacin da gaskiya ita ce a haƙura, idan aka buɗe aka tarar shasi ya ruɓe ko gidan inji ya tsage, a sayar da sassan da ke da amfani a tsira da abin da ya rage, kuma yin haka ba gazawa ba ne, domin zuba kuɗi a kan abin da ba zai tashi ba saboda kunyar abokai ya fi asara. Saurayin da ya bi wannan tsari, ko keken farko bai ba shi riba ba, ya fita da iya auna silinda, da saita bawul, da gane cutar inji daga ƙararsa, kuma wannan ilimi yana aiki a kan babur ɗin kabu-kabu, da injin ban ruwan masu lambu, da injin niƙa, da janareto, waɗanda babu ƙauyen da ke gundumar da ba ya neman mai gyara su. Allah ya sa albarka a hannun 'ya'ya masu neman na kansu, ya haɗa su da iyayen gida na gari, ya kuma tsare su da fasinjojinsu a kan hanya.